Kofur, Ɗan Farin Yaya

Ran nan na bi ta layin gidanmu na gado, can bayan hanyar jirgi, na tarar an yanyanka tsakar gidan an mayar da shi shaguna. Daidai inda turken awakin Yaya yake a da, wani mutum ne zaune yana sayar da caja da rigar waya. Na tsaya ina kallo har ya gaji ya ce, "Baba, wace iri kake nema?" Na ce masa akuya nake nema. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce wa maƙwabcinsa da Yarabanci wai tsufa ya fara taɓa ni, bai san a cikin Yarabancin aka yanke mini cibiya ba. Na dawo gida na nemi biro. Sai ku yi haƙuri da rubutun, don a aji huɗu na firamare muka yi sallama da boko, kuma ba ni na fara miƙa hannu ba, hedimasta ne.

Agegen da na tashi a cikinta tana da sarari, tana kuma da murya. Da safe kukan jirgin ƙasa ne ke tashin mu, sai ƙarar taɓarya, sai fataken goro suna yayyafa wa huhu ruwa suna ciniki kamar masu faɗa. Ƙamshin burodi kan riga mai tallarsa shigowa gida. Kowane gida da turkensa, ko da na akuya ɗaya ne, kuma aikinmu tun muna ƙanana shi ne yankan ciyawa a gefen layin dogo, da share turke, da jiƙa dusa. In ka dawo da ciyawa mai raɓa a sha ka da faɗa, wai za ka kumbura wa dabba ciki. Yanzu kuwa janareta ce ke tashin mutum, keke mai ƙafa uku da baburan okada su raka shi har masallaci, ba ka jin kukan rago sai gab da Sallah, shi ma baƙo ne, ba ya daɗewa. Wanda zai yi kiwo a Agege yau sai dai ya kiwata sauro.

Mu haifaffun Ikko ne. Kakanmu sojan Turawa ne, ya sauko daga Arewa da bindiga a kafaɗa bai sake komawa ba. Kakarmu takan dube mu muna zuba Yarabanci a tsakar gida ta ce, "Ku kam Hausawan gwangwani ne, an rubuta Hausa a jiki, in an buɗe sai a ga wani abu daban." Iyakar dajin da na sani shi ne ciyawar nan ta gefen dogo. Ku riƙe wannan, don nan gaba kaɗan za a naɗa ni masanin daji.

Yaya ita ce babba a ɗakinmu, ni ne auta, ita ta goye ni, kuma har na yi furfura Auta take ce mini. Mijinta ya rasu da wuri, Allah bai ba ta haihuwa ba, ta dawo gida ta kafa tukunyar tuwo a ƙofar gida. Direbobin da ke sauko da shanu daga Arewa su ne masu cinikinta. Wata rana wani daga cikinsu, mutumin Maraɗi, ya ajiye mata kwali a gefen murhu ya ce, "Hajiya, ga tsaraba. Maharba sun kashe uwar, in ya rayu naki ne." Aka buɗe, sai ga ɗan barewa, ƙafafu kamar tsinken tsire, ido ya cinye rabin fuska. Kowa ya ce ba zai kai ko'ina ba. Yaya ta tatso nonon akuya, ta sayo bulumboti irin na jarirai, ta riƙa ɗora shi a cinya tana ba shi tana masifa, wai an kawo mata wahala. Ya rayu. Ya tashi cikin awaki, yana cin burodin Agege, yana satar goro a faifai, in ransa ya ɓaci ya buga ƙafar gaba a ƙasa kamar mai fareti. Shi ya sa unguwa ta sa masa suna Kofur.

Unguwa ce ta sa, ita ce kuma ke kira. Yaya ba ta taɓa faɗin sunan nan da bakinta ba. Ku 'yan yanzu, da uwa ke ɗora hoton ɗanta na fari a waya tana rubuta masa kalaman da ko miji bai samu ba, ba za ku gane ba. A wurin iyayenmu ɗan fari abin kunya ne. Ba a kiran sunansa, ba a yabonsa, ba a nuna an damu da shi a gaban mutane. In ya faɗi, wata ce za ta ɗaga shi, uwar ta kau da kai kamar ba ta gani ba, alhali hankalinta na kansa. To haka Yaya ta ɗauki Kofur. "Wancan" take ce masa, ko "mai ƙafar nan". In tana son ya zo sai ta ƙwanƙwasa muciya a bakin tukunya, kamar mai kakkaɓe tuwo, sai ka gan shi ya tsallake turmi da bokiti ya zo ya cusa kai a zaninta. Ta ture shi ta ce, "Kai, matsa can, wa ya kira ka?" Hannunta kuwa na kan wuyansa.

Ana nan sai sojoji suka koma bariki, farar hula ta karɓi mulki. Manyan da suka tuɓe kaki kowa ya nemi abin yi, wani ya buɗe gidan mai, wani ya shiga siyasa. Wani daga cikinsu, wanda kowa ke ce wa Oga, ya sayi fili can gaba da Iyana Ipaja ya ce gidan zu zai gina, inda za a riƙa zuwa kallon namun daji. A lokacin ni harawa da dusa nake saro wa masu kiwo daga motocin Arewa, sai aka haɗa ni da shi. Ya dubi hulata ya tambaye ni da Turancin bariki ko na san daji. Na gyara tsayuwa na ce, "Oga, ai Bahaushe ne ni." Ku shaida ban yi ƙarya ba. Nan take ya ɗora ni a kan ɓangaren dabbobin Arewa, ya ce in gaya wa mai fenti yadda daji yake ya zana a jikin katanga. Na ce a zana kuka. Mai fenti ya ce yaya take? Kukar da na sani dai ta miya ce, amma na taɓa jin an ce tana da ƙaton gindi. Ya zana bishiyar mangwaro mai tumbi. Ranar da direban nan na Maraɗi ya kawo harawa ya ga katangar, sai da ya zauna a ƙasa don dariya. Daga ranar aka yi mini ƙarin girma zuwa bakin ƙofa, ina yagar tikiti.

Aikin gaskiya wata likitar dabbobi ce ta yi shi, Bayarabiya, 'yar siririya, ba ta da yawan magana. Ita ta hana a yi keji na ƙarfe. Ta sa aka ɗaga ƙasar wurin don kada ruwan Ikko ya kwanta ya ruɓar wa dabba kofato, aka zuba yashi, aka yi rumfa, aka kafa zana a kusurwa. Na ce, "Likita, mutane za su biya su zo kallon zana ne?" Ta ce, "Baba Auta, dabba ma tana gajiya da ido. In ba ta da wurin ɓuya ba za ta haihu ba." Ita haihuwar ce damuwarta. Ta ce barewa na ƙarewa a Arewa, gona ta ci daji, bindiga ta ci saura, in ba a tara wasu suna hayayyafa a hannu ba, wata rana sai a zane. An kawo mata barewa mata daga can iyakar ƙasa, amma namijin ya mutu a hanya. A bakin direban nan na ji wai kishimi ake ce wa namijin barewa. Na riƙe kalmar ina ta yawo da ita, kuma da yake bakina ba ya riƙe komai, na ce ai kishimi muna da shi a gida, yana cin burodi.

Likita ta zo gidanmu da kanta. Ta durƙusa har ƙasa ta gaida Yaya, suka yi ta Yarabanci. A lokacin Kofur ya zama abin da ya zama. Ƙaho ya fito, ya taɓa tunkuyar mai tallan burodi tire ya kife, yana bin awakin maƙwabta da abin da ba na iya rubutawa, damina ta sa ƙafarsa ta fara ciwo, ga wasu masu gidan giya a bayan layi da ke yi masa kallon farfesu. Likita ta duba kofatonsa, ta yi bayaninta a natse. Yaya ta saurara tana tuƙa tuwo.

"Yanzu mu da ke nan Ikko, mu za mu mayar wa Arewa barewarta?" in ji ta.

"In Allah ya so, Iya. Da kaɗan-kaɗan."

"Za a yanka shi in ya tsufa?"

"Ba za a yanka shi ba."

Yaya ta ɗaga kafaɗa. "Ku ɗauke shi ku rage mini wahala. Da ma ya ishe ni." Ta juyo kaina. "Kai kuma masanin daji, rufe baki kada ƙuda ya shiga."

Ranar da aka zo da mota ɗaukar Kofur, Yaya ta tafi kasuwar Jankara wai sayen kwanuka. Kwanuka kuwa har a ƙarƙashin gado muna da su. Mutanen unguwa suka yi ta barkwanci, wai sojoji sun koma bariki, Kofur ma an mayar da shi nasa. Na fi kowa dariya.

Sai dai Kofur bai san shi barewa ba ne. Aka sake shi cikin yashi da rumfa da 'yan mata masu dogon wuya, ya dube su kamar an haɗa shi da aljanu, ya koma jikin shinge ta wajen ƙofa ya tsaya. In mai shara ya buga kwano da tsintsiya sai ya zabura ya nufi wurin. Yaya kuwa ta fara zuwa. Duk ranar da ciniki ya yi sanyi sai ta hau danfo, bas ɗin hayar Ikko, burodi a jaka, muciya a naɗe cikin zani. Ta iso ƙofa ta ce, "Na zo ganin Auta ne, in ga ko ana ba shi abinci." Ta wuce ni ko kallo babu, ta je ta ƙwanƙwasa muciya a jikin ƙarfen shinge. Wanda bai ga tsallen da Kofur ke yi a lokacin ba bai ga murna ba. Amma da ta tafi sai ya ƙi cin harawa, ya yi ta kai da kawowa a gefen shinge har ya yi hanya a cikin yashi, matan in sun matso ya kai musu ƙaho.

Likita ta haƙura har ta gaji, sannan ta same ni a bakin ƙofa. Ta ce, "Baba Auta, muddin yana jin wannan ƙarar, shi ɗan Iya ne, ba barewa ba. Sai ya manta da ita zai juya ya ga 'yan'uwansa. Burodin ma yana lalata masa ciki." Gaskiya ta faɗa, kuma ba da mugunta ba, idonta ma ya kawo ruwa. Ta ce za ta je ta yi wa Iya bayani. Na buga ƙirji na ce ta bar mini, ai yayata ce.

Da Yaya ta zo na tare ta a ƙofa. Ni da ta goya, ni ne tsaye da kakin masu gadi, ina yi mata jawabin ta daina zuwa, da kalmomin da na aro a bakin Likita. Ta bar ni na gama tsaf. Ta dubi hanyar da ke bayana, ta dubi takalmina, sannan ta yi tsaki.

"Da ma wa ya ce maka wurinsa nake zuwa? Wurinka nake zuwa, in ga ko sun gane sun sa ka a keji."

"Yaya, na ɗan lokaci ne."

"Uwa tana bin ɗa gidan matansa ne? Ungo." Ta miƙo mini burodin. "Ci, ka rame kamar kazar da ta sha ruwan sama."

Ta juya ta tsallaka titi ta tsaya jiran danfo, ba ta waiwayo ba. Na shiga ciki na ce wa Likita, "An gama, ko a jikinta." Na kuma cinye burodin da shayi.

Ban yi wa kowa laifi ba, duk wanda na ba labarin haka yake ce mini. Aikina na yi, Likita ta yi nata, Yaya ma da bakinta ta amince. Amma ni a gidan kunya na tashi. Na san abin da ake nufi in uwa ta ce ɗan fari ya ishe ta. Na san a al'adarmu, in uwa ta kau da kai, akwai wanda ke tsayawa a madadinta, ya ɗaga yaron, ya zo ya ba ta labari a fakaice, yana magana da bango don ta ji ba tare da ta tambaya ba. Wannan aikin nawa ne, babu wani. Na yi shi na ɗan lokaci, in zauna cin tuwo in ce wa iska, "Yau wani ya ci harawa." Ta ce, "Wa ya tambaye ka?" tana ƙara mini miya. Daga baya na shagala. Aka kawo kura, aka kawo jimina, labarinsu ya fi daɗin bayarwa a majalisa, kuma tunda ba ta tambaya, sai na bar kunyarta ta zame mini hutu. Abin da na lura da shi, na kuma yi shiru, shi ne ta daina kakkaɓe muciya a bakin tukunya. Mai tuwo ce, hannunta ya saba tun kafin a haifi uwar Kofur, amma sai na ga tana sa yatsa tana share tuwo mai zafi daga jikin muciya, a hankali, ba ƙara. Ƙofar gidanmu ta yi tsit. Direbobi ma sun ce tuwon na nan yadda yake, amma kamar an rage wani abu.

Kofur ya rame, ya yi ta tsayuwa a shinge har aka fara fid da rai. Sai wata damina ya gaji. Aka wayi gari yana kwance a bayan zana tare da matan. Ba a jima ba ya fara buga musu ƙafar nan tasa ta fareti, su kuma, da yake mata ba sa rasa abin da zai burge su, suka ba shi hankali. Aka samu haihuwa, aka sake samu. Oga ya kira 'yan jarida, aka ɗauke ni hoto a gaban mangwaron nan mai tumbi, hula a karkace. Likita ta ce in garken ya yi yawa za a ba wasu gidajen zu, su ma su ba da nasu don kada jini ya zama ɗaya, wata rana kuma a kai jikokin wani gandun daji a Arewa. Ko an kai, ban sani ba. Oga ya rasu, wurin ya canza hannu, ni ma ƙafa ta hana ni tsayuwar ƙofa. Yaya kuwa ta riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta.

Amma kafin nan ta je sau ɗaya. Likita ce ta aike ni, ta ce yanzu ya kafu, Iya za ta iya zuwa ta tsaya cikin mutane ta ga jikokinta. Na isar da saƙo. Yaya ta ce ba ta da lokacin yawo. Ranar Lahadi na fito na tarar da ita a zaure ta ci ado, atamfar da take zuwa biki da ita, har da turare.

Wurin cike yake da mutane. Muka kutsa har gaban shinge. Ga su can a kan yashi, ƙananan suna tsalle ba dalili, Kofur a tsakiya, wuya ya yi kauri, ƙaho ya murɗe, yana cin harawa. Na juyo in nuna mata, sai na ga ta ba shingen baya, ta fuskanci kejin birai da ke ɗaya gefen.

"Yaya, ba nan ba ne, ga su can."

"Na sani. Birai na zo gani, dangin aikinka."

"Ki yi masa magana mana, ko tari ne. Likita ta ce ba komai yanzu."

"Auta, har yau ba ka da wayo. In na yi ya taho, na ɓata wa yarinyar nan aikinta. In na yi bai taho ba, ina zan sa kaina?"

Muka tsaya haka, ita tana kallon birai, ni ina kallon barewa, mutane na ture mu ta ko'ina. Can ta yi magana ƙasa-ƙasa, kamar da birin take.

"Yana ci?"

"Yana ci, Yaya."

"Ƙafar ta warke?"

"Ta warke sarai."

"Ƙananan, shi suka biyo?"

"Goshinsa sak. Akwai wata ma da ke buga ƙafa."

Ta yi 'yar dariya ta hanci, ta gyara mayafi. Iska ta taso daga wajenmu ta nufi wajensu, ɗauke da turarenta da hayaƙin murhun da ba ya barin tufafinta. Na ji ta ja numfashi.

"Ya ɗago kai?"

Na buɗe baki, sai ta kama hannuna ta matse, da ƙarfin da ban san tana da sauransa ba.

"Bari," in ji ta. "Kada ka gaya mini."